Yaron da ke yawan komawa tamowa: an taɓa tambayar lafiyar uwarsa?

Sista Hindatu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, na ga gara in kawo ta nan tunda zauren ya tara iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya. A inda nake aiki muna karɓar yara masu tamowa. Za a ɗaura wa yaro tef ɗin awo a dantse, in ya faɗa ja, wato bai kai santimita 11.5 ba, a sa shi cikin shiri, a ba uwar madarar tamowa, ta riƙa dawowa ana auna shi. Yawancinsu Alhamdu lillahi suna murmurewa a sallame su. Amma akwai waɗanda bayan wata biyu ko uku sai ga su an sake dawowa da su.

Iyayen waɗannan yaran nake sa wa ido. Da yawansu za a same su zaune a benci, yaro na kuka a cinya, ita idonta na ƙasa, ko jijjiga shi ba ta yi. A tambaye ta me ya ci jiya, sai ta daɗe kafin ta amsa. In na ce mata, ke fa, kina samun barci? Sai hawaye. Katin da muke cikewa kuwa na yaro ne kaɗai: nauyi, kumburin ƙafa, zawo, zazzaɓi. Babu gurbin uwa a ciki. Ni dai ina ganin ciwon damuwa a jikin uwa yana cikin abubuwan da ke jefa yaro tamowa, yana kuma hana shi fita. Me kuka gani?

Malam Lawal Ƙofar Guga: Wa alaikumus salam. Sista, Allah ya saka da alheri, amma ni ban yarda a nemo wa yunwa wani suna ba. Yunwa ce. Mutumin da 'yan bindiga suka koro daga Batsari ko Safana, ya bar gona da rumbu, ya zo gari yana kwana a kangon wani, tiyar gero ta gagare shi, wace mata ce za ta yi fara'a a gidansa? A kawo abinci a gani in damuwar ba ta tafi ba. Tsorona kada gwamnati ta samu mafaka, ta ce ai matsalar a zukatan mata take.

Maman Sadiq: Malam Lawal ya faɗi gaskiya wallahi. Cefanen yanzu kaɗai ya isa ya hana mace barci.

Sista Hindatu: Malam, ban musa ba. Ni ce ke ganin yunwar nan kullum da idona. Amma ga abin da ya sa na ce ba ita kaɗai ba ce. Akwai gida ɗaya, facaloli biyu, tukunya ɗaya ake ɗora wa, tuwon dawa da miyar kuka iri ɗaya. Ɗan wannan kumatu cike, ɗan waccan sai mun kwantar da shi. Da na zauna da ta biyun, ashe tun da ta haihu ba ta sake jin daɗin komai ba. Ɗan wata takwas ba ya iya ɗiban abinci da kansa. Sai an zaunar da shi, an dama kunu da kauri, a ba shi cokali ɗaya ya tofar, a yi masa wasa, a sake ba shi. A yi haka sau da yawa a yini, ga nono dare da rana, ga wanke hannu da kwano. Aiki ne mai son kuzari da haƙuri, su kuwa ciwon damuwa yake fara ƙwacewa. Mai wannan ciwo in yaro ya kau da kai sau ɗaya sai ta ajiye kofin ta ce ya ƙoshi. Son ɗanta na nan daram, ƙarfin ne babu.

Dakta Bishir: Salamu alaikum. Sista, abin da kika lura da shi masu bincike sun daɗe suna bin sa. A ƙauyukan Rawalpindi da ke Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun bi mata tun suna da ciki har 'ya'yansu suka shekara, suka wallafa sakamakon a 2004. Jariran matan da ke da ciwon damuwa, a wata shida haɗarin rashin nauyi a gare su ya kai ninki huɗu na sauran, kuma sun fi yawan zawo. Bambancin bai ɓace ba ko da aka yi la'akari da ƙarfin gida. A nan Najeriya ma Adewuya da abokansa sun yi irinsa a jihar Osun, 2008: 'ya'yan mata masu damuwar bayan haihuwa sun fi ƙarancin nauyi da tsawo, sun fi kamuwa da zawo, iyayen kuma sun fi saurin daina shayarwa.

A 2011 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani nazari da ya tattara bincike 17 daga ƙasashe 11, uwa da ɗa kusan 14,000. Aka samu cewa ɗan mai ciwon damuwa haɗarinsa na rashin nauyi ko tsumburewa ya kai kusan ninki ɗaya da rabi. Ba ko'ina aka ga haka ba. Wasu binciken a Habasha da Afirka ta Kudu ba su samu alaƙar a fili ba, kuma ana ganin inda dangi ke taya uwa raino, ciwonta ba ya faɗa wa yaro kai tsaye.

Ciwon kuma ba baƙo ba ne. A ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana fama da shi ko wani mai kama da shi. Ku haɗa wannan da halin da muke ciki: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jiharmu ta Katsina kuwa kusan shida cikin goma ne.

Malam Lawal Ƙofar Guga: Likita, wa ya fara? Watakila yaron ne ya rame, uwar ta shiga damuwa. Wace uwa ce za ta ga haƙarƙarin ɗanta a waje ta yi dariya?

Dakta Bishir: Tambaya mai kyau, Malam, kuma hakan na faruwa ƙwarai. Abin yana tafiya ta ɓangare biyu. Shi ya sa na fara da binciken Rawalpindi, domin tun ciki aka gano damuwar matan, kafin a haifi yaran balle su rame. Can damuwar ce ta riga. Amma da yaro ya fara ramewa, kukansa ya yawaita, dangi suka fara nuna uwar da baki, sai ciwon nata ya ƙaru, rainon ya ƙara raguwa. Talauci kuma yana ƙarƙashin duka biyun. A Yulin 2025 ƙungiyar likitocin MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shidan farkon shekarar. A sanarwar ta ce an auna iyaye mata 750 da ke jinyar yaran, fiye da rabinsu su ma tamowar ce a jikinsu. Macen da ke da yunwa da ƙarancin jini, ga fargaba, ga ɗa a gadon asibiti, ba a raba mata matsalolin nan ɗaya-ɗaya.

Hajiya Indo Daura: Sannunku ɗiyana. Ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. A zamaninmu ma an yi yunwa, wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya sani. Amma mai jego ba a barinta ita kaɗai. Haihuwar fari gida ake zuwa goyon ciki. Ta biyu da ta uku tsohuwa ake turowa ta zauna har arba'in. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunu, ita ke karɓar jinjiri da asuba ta ce ke koma ki kwanta. Miji ya kawo ƙauri da itace, in bai kawo ba unguwa ta san da shi. In yarinya ta cika shiru, tsohuwar za ta ja ta ɗaki ta ce, faɗa mini, mene ne? Labarin zuciya a tambayi fuska.

Yanzu fa? An kai yarinya ɗaki ɗaya a gidan haya a bayan gari, ba uwa kusa, ba gwaggo, maƙwabta ba su san sunanta ba. Ran suna a cika gida, a ci a sha, a ɗau hoto, magariba na yi kowa ya watse a bar mata wanke-wanke. Kwana goma da haihuwa ita ce a murhu, ita ce a bakin famfo. Wannan ko lafiyayya ce sai ta kwanta.

Sista Hindatu: Allah ya ƙara lafiya, Inna. Zaman tsohuwar nan shi nake kuka da rashinsa. Abin da kawai ba ma so ya dawo shi ne kunun kanwa mai yawa da kwanciya kan gadon wuta, domin likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Amma hutun da kulawar, wallahi magani ne.

Mai kula da zaure: Wata 'yar'uwa ta turo mini wannan ta ce in sa ba tare da sunanta ba. Ga shi yadda ta rubuto:

"Anti Hindatu kamar da ni kike. Gidanmu ba a rasa abinci ba, maigidana yana da shago. Ina goyon ɗana na biyu ciki ya shiga, aka ce kwanika ce, nonon ya lalace, rana ɗaya aka ɗauke shi aka kai shi wajen kakarsa yaye. Ya dawo ya rame yana zawo. Na haihu, daga nan komai ya tsaya mini. Ina farkawa tun kafin kiran assalatu, ƙirjina ya yi nauyi, in ji ina ma gari kada ya waye. Ga shinkafa ga wake a ɗaki amma tashi in hura wuta ya gagare ni. Sai in aika a sayo koko, in tsinka shi da ruwa in miƙa wa babban, ya sha ko bai sha ba ban sani ba. Jaririyar in tana kuka ina jin ta, jikina ya ƙi motsi, sai in yi ta kallon rufi ina cewa ni wace irin uwa ce.

"Uwar mijina ta ce son jiki ne. Shi kuma ya ce me kika rasa a gidan nan? Ba ni da amsa, don ban rasa komai ba. Aka yi mini ruƙiyya, aka ba ni rubutu na sha. Ranar da na kai babban asibiti ƙafafunsa sun kumbura, wata ma'aikaciya ta daka mini tsawa gaban mutane, ta ce ku ne masu kashe 'ya'yanku da ƙazanta da lalaci. Daga ranar na ƙi komawa, har sai da jikinsa ya rikice aka kwantar da mu.

"Yayar mijina ce Allah ya sa ta gane. Ta zo ta zauna da ni, ta kai ni wajen likita, ya saurare ni, ya ce ciwo ne kuma yana da magani. Ya ba ni wanda ba ya hana shayarwa. Bai yi aiki nan take ba, sai da aka ɗau makonni. Ita kuma ta riƙa turo 'yarta tana taya ni. Ranar da na ji ina sha'awar soya wa yaron ƙwai da kaina, na san na fara dawowa. Yanzu yana makaranta, amma har yau ya fi sa'o'insa ƙanƙanta, kuma kullum na dube shi sai na tuna."

Maman Sadiq: Innalillahi. 'Yar'uwa Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya miki su. Na yi kuka. Wallahi da yawanmu mun bi ta nan muka yi shiru don kada a ce mun cika raki ko ba mu da godiyar Allah.

Sista Hindatu: Ƙanwata, na gode da kika yarda aka karanta. Tsawar nan da aka yi miki ita ce ke korar mata daga asibiti, kuma yaron ne ke biyan kuɗinta. Mai wannan ciwo ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa ita banza ce. Kalma ɗaya daga mai farin kaya ta isa ta hana ta sake fitowa. Abokan aikina da ke zauren nan, na san layi na da tsawo, na san gajiya, amma don Allah mu kiyaye harshe.

Malam Sada: Bismillah. Ina so in taɓa maganar "rashin godiyar Allah", domin mu malamai ake jingina wa ita. Baƙin ciki ba ya kore imani. Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana yawan neman tsari daga hammu da hazan, wato damuwa da baƙin ciki. Ku kuma buɗe Suratu Maryam, aya ta 23 zuwa ta 26. Nana Maryam, zaɓaɓɓiya a kan matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan. Ba a tsawata mata ba. Aka ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza dabinon ya zubo miki, ki ci, ki sha, ki kwantar da hankalinki. Lallashi da abinci da ruwa aka haɗa mata.

A Baƙara aya ta 233, ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita an ɗora su a wuyan uban yaro, aka kuma ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, a yi. Amma an umarce mu da neman magani. Wanda aka kawo masa mai jego ta daina ci, ta daina barci, ya yi mata addu'a sannan ya ce wa mijin ya wuce da ita asibiti.

Mannir Rafin Daɗi: Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Ni sabon uba ne. Gaskiya wani lokaci mu maza ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Ka fita tun safe ka dawo da ledar cefane, a ganinka ka gama. Likita, yaya mutum zai bambance gajiyar jego da ainihin ciwon?

Dakta Bishir: Mannir, a kwanakin farko bayan haihuwa mata da yawa suna saurin kuka da jin haushi, wannan yana wucewa da kansa kafin mako biyu. In ya zarce mako biyu, kusan kullum ranta a ɓace, abin da take so da can ya fita ranta, ba ta iya barci ko da jariri ya yi barci, ba ta son abinci, tana yawan cewa ita ba ta da amfani, to a je asibiti. Wasu ba za su ce maka ransu a ɓace yake ba. Za su ce ciwon kai, faɗuwar gaba, jiki ba ƙarfi, tunani ya yi yawa. A duba jininta ma, domin ƙarancin jini yana kawo kasala irin wannan. In ta ambaci mutuwa ko cutar da kanta, ranar za a tafi, ba gobe ba. Kai kuma abin da ke hannunka: karɓi yaron ta samu barci, ka tabbatar ita ma ta ci daga naman da ka kawo, ka bar ta ta je gida ko a kawo mata wani nata, in ta fara magana kada ka katse ta da "ki yi haƙuri".

Maman Sadiq: Sista, ana cewa ɓacin rai yana ɓata nono, ya sa wa yaro zawo. Gaskiya ne?

Sista Hindatu: Ba ya ɓata shi, Maman Sadiq. Nonon mai damuwa lafiyayye ne, haka na mai ciki. Abin da tashin hankali ke yi shi ne ya jinkirta saukowarsa na ɗan lokaci. Uwa ta ga kamar babu, ta rage sa yaro, shi kuwa nono yawan tsotso ke kawo shi, sai ya ragu da gaske. Daga nan a fara ɗura wa ɗan wata biyu ruwa da koko, zawon ya shigo ta nan. Wata shidan farko nono zalla, har da dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar. Bayan nan a ƙara da kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko waken suya, ɗan manja, zogale, ƙwai in an samu.

Malam Lawal Ƙofar Guga: To Likita, tambaya ta ƙarshe. An taɓa yi wa matan maganin damuwar aka ga yaran sun yi ƙiba?

Dakta Bishir: An gwada, a Rawalpindin dai, aka wallafa a 2008. An koya wa matan da ke aikin lafiya gida-gida yadda za su zauna da mai ciki ko mai jego, su saurare ta, su taya ta sauya tunanin da ke danne ta, su jawo dangi cikin kulawa. Bayan wata shida da haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. Yaransu sun fi samun rigakafi, zawo ya ragu, iyaye maza da mata sun fi wasa da su. Amma nauyi da tsawon yaran ba su bambanta sosai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta fitar da littafinsa a 2015.

Malam Lawal Ƙofar Guga: Ka ji ko. Magana ba ta cika ciki.

Sista Hindatu: Ba ta cikawa, Malam, ban kuma ce a daina neman abinci da tsaro a koma hira ba. Amma ni ke miƙa ledar madarar nan, na san inda take ƙarewa. Uwa ce za ta yage ta, ta zauna ta lallaɓa yaro ya shanye, ta hana yayyensa wawashe ta, ta tuna ranar dawowa, ta goyo shi ta shigo mota daga Mashi ko Jibiya. In ita ta durƙushe, ledar na nan a ƙarƙashin katifa. Tambayoyi biyu nake roƙo a ƙara a wurin awo: kina jin ranki a ɓace kwanan nan? Akwai abin da ke ba ki sha'awa har yanzu? Ba su kai minti biyu ba.

Mannir Rafin Daɗi: In ta ce e, wa zai karɓe ta? Likitocin ƙwaƙwalwa nawa ne a jihar?

Dakta Bishir: Ba su isa ba ko kusa, shi ya sa ba a kansu za a rataya komai ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin mhGAP na koya wa nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci gano ciwon da fara kula da shi, masu tsanani kaɗai ake turawa gaba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofa. Saura horo da kuɗi, kuma wannan hakkin gwamnati ne, a nan ina tare da Malam Lawal.

Hajiya Indo Daura: Kafin gwamnati ta zo, mu tsofaffi muna nan. Ranar Asabar zan kai maganar ga matan Islamiyyarmu, duk wadda ta haihu a unguwa a raba kwanaki ana leƙa ta bayan suna.

Murja Jibiya: Don Allah Likita taimaka. Maƙwabciyata ce, mijinta aka kashe a gona tana da ciki, ta haihu satin da ya wuce. Tun shekaranjiya ba ta runtsa ba, tana surutai, tana cewa jaririn ba nata ba ne an musanya shi, ta ƙi ba shi nono. Dangin sun ce iska ce, suna ta hayaƙi.

Dakta Bishir: Murja, wannan ya wuce ciwon damuwar da muke magana, rikicewar hankali ce ta bayan haihuwa, kuma ta gaggawa ce. Ana warkewa in an kai ta da wuri. Kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a bar ta da jaririn ba kowa. A fitar da jinjirin daga hayaƙin. A kai su babban asibiti yau, su biyun, domin shi ma sai an duba shi an san yadda za a shayar da shi. Ki samu babba a dangin ki karanta masa wannan saƙon. In sun ƙi, ki je wa mai unguwa ko limamin masallacinku.

Malam Sada: In maganar malami suke so su ji, Murja, ki neme ni ta wajen mai kula da zaure, ki haɗa ni da su a waya yanzu.

Murja Jibiya: To Malam. Bari in shiga gidan.